Kwalayen Reino

Da hannun hagu Reino yake goge hasumiyoyinsa yanzu, don shi kaɗai ya rage masa mai aiki. Yakan danne ɗaya tsakanin cinyarsa da hannun kujera, ya bi ta da ɗan burushi mai laushi daga gindi har tagogin ɗakin fitila, sannan ya miƙa wa matarsa Aili ta mayar cikin kabad ɗin gilashi. Guda tamanin da uku ne, na tangaran, kowace ba ta fi tsawon kwalbar madara ba. Kwaikwayo ne na hasumiyoyin fitilar da ke tsaye a gaɓar manyan tafkuna suna nuna wa jirage hanya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa jirgin dakon tama, ya san kowace daga cikin ruwa tun kafin ya gan ta a kanti.

"Kwalayen fa?" ya ce, bakinsa yana jan maganar gefe guda. "A bushe suke?"

"A bushe suke," in ji Aili, ba ta juyo ba.

Wata goma sha huɗu ke nan tana ba shi wannan amsa. Tun bara, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, yana kwance a asibiti ɓarin jikinsa ya shanye, injin zuƙar ruwan da ke ɗakin ƙasa, can ƙarƙashin gidan inda ake ajiye kwalayen hasumiyoyin, ya mutu. Kwana uku ba ta leƙa ba, tana can gefen gadonsa. Da ta sauka sai ta tarar ruwa har gwiwa, kantocin sun zube, kwalaye shuɗaye suna yawo sun kumbura kamar jiƙaƙƙen burodi. Ta yi ƙoƙarin shanya wasu a gareji, funfuna ta cinye su cikin mako guda. Sau huɗu ta cika mota da baƙaƙen ledoji ta kai juji, ita kaɗai, tana da shekara sittin da takwas.

Ranar da aka sallamo shi, kafin ya tambayi komai sai da ya tambayi kwalayen. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, shi kuma ba zai sake taka matakalar ɗakin ƙasa ba har abada. Sai ta ce a bushe suke. Daga nan maganar ta zama kamar maganin safe, ya tambaya, ta ba shi, ya haɗiye.

To yanzu an sayar da gidan. Ranar Juma'a za su koma ɗaki biyu a gidan tsofaffi kusa da asibiti, tafiyar awa guda. Yau Laraba, kuma Wendell Penhale, shugaban ƙungiyar masu tara hasumiyoyi na garin, ya yi alƙawarin zuwa ya taya su mayar da kowace cikin kwalinta.

Ƙarfe goma ya iso, yana karkaɗe ruwan sama daga hularsa.

"Tsohon matuƙi! Har yanzu kana nan kana cinye wa baiwar Allah burodi?"

"Ɗan rami," in ji Reino, fuskarsa ta washe gefe guda. Wendell a ramin haƙar jan ƙarfe ya ƙare ƙuruciyarsa. "Ka taɓa ganin ruwa in ba a baho ba?"

"Na gani mana. A hoto."

Aili ta kawo kofi da burodi mai zaƙi da suke kira nisu, ta zauna a bakin kujera. Hannunta yana wasa da cokali. Sai ta ce, kamar wadda maganar ta faɗo mata kawai, "Ni kam Wendell, kwalin nan dole ne? Ba hasumiyar ake kallo ba?"

Wendell ya ajiye kofinsa a hankali. "Haba, Aili. A gaban Reino kike wannan tambaya? Duk wanda zai karɓi ɗaya daga hannunka, kafin ya tambayi sunanta sai ya tambayi kwalinta da takardar shaidarta. Babu kwali, marainiya ce. Akwai wata a ƙungiyarmu, Glenda, ta ce shirme ne, wai ita ba kwali take ajiyewa a kan talabijin ba. Shekara biyu ba su ga-maciji da mai ajiyar littafinmu a kan wannan magana."

"Glenda ba ta da kai," in ji Reino.

"To, ka ji. Amma bar batun masu saye. Farin soson da ke cikin kowane kwali, daidai jikin hasumiyar aka sassaƙa shi. Dubi ɗan shingen barandar nan, ya fi tsinken sakace siranta. In ba a gidansa ya kwanta ba, rami ɗaya a kan hanya ya ishe shi."

Reino ya gyaɗa kai, ya dubi matarsa kamar yadda yakan dube ta idan labarai suka tabbatar da abin da ya faɗa jiya.

"Mu sauka mu fara kwaso su," in ji Wendell, ya miƙe yana dafa ƙugu.

Ta bi shi. Ta kunna fitila. Ɗakin ƙasa fayau, babu komai sai injin wanki da sabon injin zuƙar ruwa, da layin da ruwa ya bari a bango, baƙi-baƙi, ya kewaye ɗakin daidai gwiwa. Wendell ya tsaya a matakin ƙarshe. Ya dubi layin, ya dubi inda kantocin suke a da, ya cire gilashinsa ya goge ya mayar.

"Tun yaushe?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun yana asibiti."

"Duka?"

"Duka."

"Bai sani ba?"

Ta girgiza kai. Ta zauna a kan matakala, gwiwoyinta suka yi ƙara. Daga sama suna jin tayar kujerar Reino tana motsi a kan katako.

Wendell ya matso, ya rage murya. "Ji nan. Ina da kwalaye kusan ashirin a gida, na marigayiya matata Joyce, waɗanda muke da biyu-biyu. In kawo su gobe. Mu jera su a sama, sauran mu naɗe su a ƙasa inda ba zai gani ba. In ya tambaya daga baya, ki ce suna ma'ajiyar gidan tsofaffin."

Ta auna maganar. Zai yiwu. Ta hango kanta a sabon ɗakin, kowace safiya, yana tambaya tana cewa suna ma'ajiya, a bushe. Shekara nawa? Biyar? Goma? Sai ta ji wata gajiya ta taso mata tun daga tafin ƙafa, irin wadda barci ba ya kawarwa.

"Da hannunsa ya rubuta ranar saye a murfin kowane," ta ce. "Kuma ni na gaji, Wendell. Ka bar kwalayen Joyce inda suke."

Ta kama ƙarfen matakalar ta hau.

Reino yana bakin ƙofar kicin, ya turo kujerarsa har inda za ta iya zuwa. Ya dubi hannayenta, babu komai.

"Babu kwalaye, Reino. Ruwa ya cinye su tun bara. Na kai su juji."

Bai fahimta ba da farko. Ta maimaita, ta faɗi watan, ta faɗi yadda injin ya mutu. Ta ga lokacin da maganar ta shige shi. Hannunsa na hagu ya damƙe hannun kujera har gaɓoɓin yatsunsa suka yi fari.

"Na farkon," ya ce. "Wanda kika saya mini."

"Har shi."

"Kullum… kullum ina tambaya." Kalmomin suna maƙale masa idan ransa ya ɓaci, sai ya yi ta tura su ɗaya-ɗaya. "Kina kallona. Kamar yaro. Kamar wawa."

"Likita ya ce…"

"Likita!" Ya bugi hannun kujera. "Jikina ya mutu. Ba kaina ba."

Ta yi niyyar ba shi haƙuri. Abin da ta shirya ke nan tun wata goma sha huɗu. Amma da ta buɗe baki wani abu dabam ya fito.

"Ruwa har gwiwata, Reino. Ruwan ƙanƙara. Da safe ina kwasar kwalayenka, da rana ina ba ka abinci a baki. Ka dawo gida, ka tambayi kwali. Ba ka tambayi wanda ya share dusar ƙanƙarar ƙofar gida ba, ba ka tambayi bayana ba. Sau ɗari huɗu ka tambayi kwali. Ni sau nawa?"

Wendell ya hau a hankali, ya ɗauki hularsa, ya tsaya yana juya ta a hannu.

"Gobe zan zo da jaridu," ya ce wa bango. Ya fita.

Ranar nan Reino bai ci abincin rana ba. Ya juya kujerarsa ya fuskanci taga, inda tafki yake kwance toka-toka a ƙarƙashin ruwan sama. Da yamma ta kai shi banɗaki, ta canza masa riga, ta ba shi magani. Jikinsu ya san aikin, ba ya buƙatar magana.

Washegari Wendell ya zo da tulin tsofaffin jaridu da akwatunan ayaba da ya roƙo a kanti. Aili ta fito da tawul-tawul, da zanen gado, da safar ulu ta Reino ta zamanin jirgi. Suka baje a kan teburin cin abinci. Reino yana can bakin taga, bayansa gare su.

Ta ɗauki ta farko, wata fara mai jan rufi, ta fara naɗe ta da jarida.

"Ba haka ba."

Ta ɗago. Bai juyo ba, a gilashin taga yake kallonsu.

"Kan tukuna. Safa a kai. Sannan jarida."

Ta zura wa hasumiyar safa a ka. Wendell ya tura kujerar Reino zuwa teburin, bai nemi izini ba, shi kuma bai hana ba. Haka suka wuni. Reino yana nuna wadda za a ɗauka da yatsa, yana cewa wannan a tsaye, wannan a kwance, wannan kada a ɗora mata komai. Da Wendell yake magana. In ya zama dole ya ce wa Aili wani abu, sai ya ce wa hannunta.

Wajen la'asar, a ta sittin da wani abu, yatsunta sun riga sun sage. Tana jan safa sai ta ji ƙas. Ɗan shingen barandar ya ɓalle, ya faɗo kan tebur gida uku.

Ba wanda ya motsa. Aili ta tsaya da hasumiyar a hannu, tana jiran abin da zai ce, ta ma rasa ƙarfin jin tsoro.

Reino ya daɗe yana kallon gutsattsarin. Sannan ya dubi yatsunta, yadda suka kumbura a gaɓoɓi, tawadar jarida ta baƙanta su.

"Zauna," ya ce. Ita ya ce wa, ba hannunta ba. "Wendell, zuba mata kofi. Kai ma ba ka iya komai ba, ɗan rami, tun safe guda nawa ka naɗe?"

"Sun fi naka," in ji Wendell, ya nufi kicin da sauri.

Reino ya tattara gutsattsarin da gefen hannunsa, ya tura su cikin ambulan. Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta ce ya yafe mata ba.

Ranar Juma'a motar kwasar kaya ta yi gaba da gadaje da kabad. Akwatunan ayaba suka cika bayan motarsu har rufi. Guda huɗu Reino ya ƙi yarda a sa su a akwati, masu dogayen tsinin sama. Aili ta jera su cikin babbar tukunyar miya, ta cusa tsummokaran kicin a tsakaninsu, ta ɗora masa a cinya bayan ta ɗaura masa bel. Ya rungume tukunyar da hannun hagu.

Ba ta waiwayi gidan ba. Hanyar bakin tafki ta farfashe tun sanyin bara, ba a gyara ba. A rami na farko suka ji wani abu ya yi ƙara a baya, can ƙasan akwatunan, ƙarar da ba ta buƙatar a duba. Reino ya runtse ido.

"A hankali," ya ce.

Ta rage gudu. Wata babbar motar dakon gungume ta taso musu a baya, ta matso har ta cika madubi, direban ya danna ham, ya sake dannawa. Babu wurin kaucewa, dutse a hagu, ruwa a dama.

"Yana sauri," in ji Aili.

"Ya jira."

Ta ƙara ɗaga ƙafarta daga totur. Suka ci gaba da rarrafe a bakin tafkin, jerin motoci yana ƙara tsawo a bayansu, tana zagaye ramukan da za ta iya, tana shiga sauran a hankali.