Jemar da Ke Riƙe da Gaɓar Rafi

Shekara huɗu Sa'adiya ta yi tana kai wa ƙaramar hukuma takarda a kan cibiyarta kafin a sami wanda ya karanta har ƙarshe. Cibiyar ba wani abin kallo ba ce: ɗaki ɗaya na bulo a bakin wani rafi da ke bayan Kurudu, da rumfar kwano, da benci shida. A nan take tara 'yan makaranta tana nuna musu yadda duk ruwan saman da ya sauka a kan tuddan unguwar yake gangarowa cikin rafin nan, ya kwaso leda da ƙasa da duk abin da mutane suka watsar. Tsakanin bangon ɗakin da ruwa taku goma sha biyu ne kacal. Abin da ke riƙe da wannan gaɓa kuwa jema ce, ciyawar nan mai saiwa da ke nutsewa cikin ƙasa fiye da tsayin mutum.

Baba Manniru ne ya dasa ta da hannunsa. Shekara ashirin ya yi yana aikin lambu a wani gida a Maitama, yana aske furanni yadda maigida ke so, har gwiwoyinsa suka gaji aka sallame shi. Da ya haɗu da Sa'adiya sai ya ce a ba shi gaɓar, ya ga abin da zai iya. Damina huɗu yana dasawa layi-layi, har jemar ta kai masa ƙirji, tsuntsayen marai suka dawo suna saƙa sheƙa a jikin bauren da ke gefe.

Darasin da Sa'adiya ta fi so na faranti biyu ne. Ɗaya cike da ƙasa tsirara, ɗayan ƙasa ce da jema ta kama. Sai ta karkata su, ta zuba wa kowanne ruwa daga buta. Na farko ya zubar da jan ruwa mai kauri, ƙasar ta bi shi. Na biyu ya ɗigo da ruwa garau.

Wanda ya karanta takardarta shi ne Zaid, wani matashi ma'aikaci a ofishin ciyaman. Ya zo sau ɗaya don ya duba wurin, sai ya dawo sau shida ba tare da an aiko shi ba. Kullum yana zaune a bencin ƙarshe tare da yara, hannu a haɓa.

"Malam Zaid, sau nawa ka ga darasin nan?" ta tambaye shi wata rana. "Ko maimaita aji kake yi?"

"Ni ai daƙiƙi ne, Malama. Sai an yi ta haƙuri da ni."

"To me ka koya yau?"

"Na koyi cewa idan kika ɗaga buta kina taune leɓenki na ƙasa."

Ta jefe shi da murfin buta, amma har ta isa gida maganar ba ta fita daga ranta ba.

Shi ya yi ta yawo da fayil ɗinta daga tebur zuwa tebur har aka amince. Ƙaramar hukuma za ta sake wa ɗakin rufi, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta ba da bas da za ta riƙa kawo 'yan makaranta duk Talata. Ciyaman da kansa zai zo ranar Alhamis ya buɗe allon aikin da za a kafa a bakin titi. Ranar da Zaid ya kawo labarin, Sa'adiya ta shiga bayan ɗakin ta tsuguna tana kuka, Baba Manniru yana dariya yana cewa, "'Yar nan, alheri ma kuka?"

Ranar Laraba da safe, bayan an gama sabon rufin, ta tafi Durumi karɓo hotunan tsuntsaye da itatuwan rafin da ta bayar a buga. Mai bugawa ya ɓata mata lokaci, cunkoson motoci ya riƙe ta a hanya, ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

Tun daga kan kwalbati ta ga sararin ya yi yawa. Tana iya hango ruwan rafin daga titi, abin da ba ta taɓa iyawa ba. Ta sauka daga acaɓa ta ruga da gudu.

Babu jema. Daga bangon ɗakin har bakin ruwa jar ƙasa ce shimfiɗe sumul, da sawun motar gireda mai share ƙasa a kanta. An ture ciyawar da saiwoyinta an tara su can gefe, an cinna musu wuta, hayaƙi yana tashi a hankali. An jera duwatsu an shafe su da farin fenti, har gindin bauren an shafa masa. Ma'aikata suna kafa rumfuna a daidai inda layukan Baba suke.

Madam Cynthia, mai tsara tarukan ciyaman, ta tarye ta da fara'a, da Hausarta ta Abuja. "Malama, ka ga yadda wuri ya yi kyau? Oga ba ya son daji. Maciji zai iya fito, wa zai ɗauki laifi? Kuma mota goma sha biyu suna zuwa, ina za su tsaya?"

Sa'adiya ta wuce ta. Ta hango Baba Manniru zaune a kan benci, hularsa a hannu.

"Baba, kana nan aka yi wannan?"

"Ina nan. Na ce musu ba ciyawar banza ba ce. Matar nan ta ce umarni ne daga sama." Ya juya hular a hannunsa. "Shekara ashirin, 'yar nan, in oga ya ce sare, sarewa nake yi. Bakina bai saba faɗa sau biyu ba. Na tsaya ina kallo kamar gunki."

Sai ga Zaid ya taho, rigarsa duk fenti, yana murmushi har kunne. "Sa'a, kin riga ni! Na so in rufe miki ido in kawo ki. Kin san wahalar da na sha kafin a ba ni giredar nan? Ko'ina ciyaman zai je haka ake gyara wuri, na ce naki sai ya fi na kowa."

"Kai ka kawo ta?"

"Ni mana. Tun safe nake tsaye a kansu."

Ta daɗe tana kallonsa. Babu mugunta ko ƙwaya ɗaya a fuskarsa, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Da ta ga mugunta, da ta san inda za ta ajiye fushinta.

"Sau bakwai ka zauna a bencin can," ta ce. "Sau bakwai, Zaid."

Bai gane ba. Ta wuce shi ta shiga ɗaki.

Ranar Alhamis aka yi taro. Ciyaman mutum ne mai sakin fuska, ya yi jawabi mai kyau a kan kare muhalli, ya yaye ƙyallen da ke kan allo, ya dasa ɗan itace ɗaya aka ɗauki hoto. Daga nan Madam Cynthia ta ce Malama ta nuna wa oga darasin da ake ta yabo. Sa'adiya ta fito da farantanta biyu. Ta zuba ruwa a kan mai jema, ya ɗigo garau. Ta zuba a kan ƙasa tsirara, jan ruwa ya kwararo, ƙasar ta zube har kan takalman manyan baƙi. Aka yi dariya, aka yi tafi. Mutum ɗaya ne bai tafa ba. Zaid yana tsaye a bayan kujeru, kuma a karo na farko farantin yake kallo. Daga nan ya sauke ido kan jar ƙasar da kujerun ke kai, ya bi ta da kallo har bakin ruwa. Sa'adiya ta ga bakinsa ya buɗe a hankali.

Washegari Zaid ya dawo da buhunan yashi cike da bayan mota. Su ukun suka yi kwana biyar suna jerawa a gaɓar. Baba Manniru ya ce buhu ba saiwa ba ne, amma bai daina ɗauka ba.

Ranar Laraba ta gaba, da azahar, hadari ya haɗo daga gabas. An yi awa uku ana ruwa. Suna fake a shagon wani mai faci a bakin titi suna kallo: rafin ya cika ya yi ja, ya fara lasar buhunan, ya janye su ɗaya bayan ɗaya. Gaɓar ta riƙa ɓantarewa tana faɗawa cikin ruwa. Taku goma sha biyu ya koma shida, ya koma biyu. Bangon baya ya tsage daga sama har ƙasa, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya kwanta, sabon rufin ya bi shi. Hotunan tsuntsayen suka fito suna yawo a kan ruwa. Bauren ya karkata, sheƙunan marai suna lilo, shi ma ya tafi.

Da ruwa ya tsagaita suka gangara. Allon ciyaman yana nan tsaye a bakin titi, babu abin da ya same shi. Zaid ya tsuguna a cikin laka ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

"Sa'a, ki ce wani abu. Ko zagi ne."

Sa'adiya ta kawar da kai. Tana rungume da farantin jema, shi kaɗai ta iya fitarwa kafin ruwa ya yi ƙarfi. Baba Manniru ya karɓe shi daga hannunta, ya zauna a kan ɗaya daga cikin fararen duwatsun, ya fara raba ciyawar da yatsunsa a hankali don kada saiwa ta tsinke. Ya sami tushe tara.

"Baba," Zaid ya ce ba tare da ya ɗago ba, "shekara nawa kafin ta dawo kamar da?"

"Huɗu na yi, lokacin ina da sauran gwiwa." Ya miƙa masa tushe uku. "Riƙe ta nan ƙasa, kada ka matse. Kuma wannan karon hannuna za ka kalla."

Sa'adiya ta juya tana duban gaɓar, tana neman inda ya rage da za a iya dasa wani abu.