Layar Babur ɗin Tongbai

Tongbai ya mutu ya bar wasiyya guda, ita ce kuma ta hana ni sakat. Ya ce idan an ƙona shi kada a saka tokarsa a motar kowa. 'Yarsa Lamduan ce za ta goya tokar a tsohon babur ɗinsa har bakin kogin Mekong, a zuba a ruwa. Babur ɗin ya girmi Lamduan, ya girmi yayanta Wirat, kuma tun muna samari ni nake gyara shi. Malamin haikali ya tsayar da rana, sai babur ya ce atafau ba zai je ba.

In aka sa masa cikakken batir, bugu ɗaya yake tashi. Kafin a wuce gonakin rake fitila ta yi ja, oda ta koma kukan kaza mai mura, inji ya shiɗe. Irin na da ne, da batir yake ba fulogi wuta, ga shi wutar fita take yi ba ta komawa. Hanyar kogi kuwa tafiyar wuni ce.

Na duba fiyus, lafiya lau. Na kankare kawunan batir. Na buɗe kwil na auna, wuta na fitowa kamar ran da aka ƙera shi. Ɗan akwatin da ke tura wutar cikin batir na zarga, na je har birni wajen masu tsofaffin kaya na samo wani, na ɗaura. Allurar mitar awon wuta ko gezau. Raina ya ɓaci, har na zagi babur, na zagi mai shi, sannan na tuna ya mutu na ji kunya.

Wirat ya leƙo gareji yana kaɗa makullin motarsa.

"Kawu Yong, ka haƙura mana. Motata akwai sanyi, Baba zai tafi a hutance."

"Ubanka bai taɓa shiga motarka bai yi amai ba."

"Toka ba ta amai, Kawu. Jibi da safe in bai tashi ba, ni zan ɗauka."

Lamduan tana tsugune kusa da taya. Na ga idonta, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Ana gobe tafiya sai ga uwarsu, Kamfong, da kwandon shinkafa mai danƙo da dakakkiyar gwanda. Ta dubi gefen babur ɗin da na cire wa murfi.

"Ka ga na share maka wurin, Yong? Tun ran da aka ƙona shi na zare layarsa."

"Wace laya?"

"Takrut ɗin nan, layar tagulla da wani malamin haikali mai zaman daji ya ba shi kafin aurenmu. A nan bayan akwatin nan yake cusa ta. Yarinya za ta hau, kai ma ka san mace ba ta zama a kan laya, ƙarfin layar zai karye. Na ɗora ta a kan kantar bagade."

Ni da layu ba ma ga-maciji. Sau nawa Tongbai yana ce mini ita ce ran babur ɗin, ina ce masa fetur ne ransa. Na sha ganinta a wurin, ban taɓa kulawa ba. Duk da haka na ce a kawo.

Falle ne na tagulla da aka nannaɗe, tsawon ɗan yatsa, duk ya yi baƙi. Wuri biyu kawai ke ƙyalli, da ƙananan ramuka irin waɗanda tartsatsin wuta ke bari. Na sa sukundireba na taɓa ƙarfen da akwatin ke zaune a kai, sai ya motsa. Waldar da ta haɗa shi da jikin babur ta daɗe da rabuwa, tsatsa da tsohon fenti ne kawai suka rufa mata asiri. Ta wannan ƙarfen wuta ke kewayawa ta koma batir. Tsatsar kuwa ta tsufa, ta kai shekarun Lamduan ko ta fi. Duk tsawon lokacin nan, kasuwa da gona da asibiti, ta cikin layar wutar take bi.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban san lokacin da na haɗa tafukan hannuna na ɗaga su zuwa goshi ba, ni da ko a haikali sai an zungure ni. Kuma ba na jin kunyar faɗi.

Gyaran bai fi guntuwar waya ba, har na yanko ta. Sai Lamduan ta yi magana.

"Kawu, a mayar da ita."

"Ke za ki zauna a kai," in ji uwar. "Za ki kashe ta."

"Inna, ke fa? Duk shekarun da Baba yake goyonki, a ina kike zama?"

Kamfong ta dubi kujerar, ta dubi wurin layar da ke daidai ƙarƙashinta. Sannan ta karɓi layar daga hannuna, ta durƙusa, ta cusa ta da kanta.

Na buga kik. Allurar mita ta miƙe a hankali ta tsaya inda ya kamata, fitila ta haska bangon gareji da rana tsaka. Na cusa guntuwar wayar a aljihu.

Da safe Lamduan ta ɗaure tokar ubanta cikin farin ƙyalle a ƙirjinta. Wirat ya buɗe wa uwarsu ƙofar mota. Kamfong ta wuce shi, ta tattare zaninta, ta hau bayan 'yarta a karkace kamar yadda ta saba.