Kujerar da Ke Kallon Ƙofa

"Juya min kujerar nan ta kalli ƙofa," in ji Baba Tela. "Yau kam za su zo."

Direba ya juya kujerar robar, ya kaɗe ta da hularsa, ya koma bakin gado ya zauna. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na tsohon, kuma tun da ciwo ya kwantar da Tela, kullum da hantsi sai ya leƙo, kullum kuma sai an juya kujerar nan. Ya san ba shi ake jira ba. Masu koriyar riga ake jira.

A shagon da ke gaban gidan nan ƙungiyarsu ta fara. Tela ne da abokansa 'yan tsiraru, suna yashe magudanar ruwa, suna gyara rufin makaranta, suna kai marasa lafiya asibiti a motar Direba. Da ragowar yadin labule ya ɗinka musu korayen riguna, yaran layi na binsu da dariya. Mutanen garin da ke kusa suka gani suka ce su ma suna so. Reshe ya haifi reshe, jikoki suka haifi tattaɓa-kunne, har ya zamana duk inda ka sauka a yankin sai ka ga koriyar riga tana jan baro. Kowane sabon reshe, Tela ne ke ɗinka masa tuta da hannunsa. Ko yanzu ga wata nan a gefen matashinsa, rabi a ɗinke, allura a soke.

Shi ne kuma ya kafa musu ƙa'idar da suka fi alfahari da ita: duk ɗan ƙungiyar da ya kwanta ciwo, reshensa zai riƙa turo mutum biyu su zauna da shi har ya tashi. To bara, a babban taro, aka ce Baba ya fi ƙarfin reshe ɗaya. Aka ɗaga shi aka mai da shi uban dukkan rassa, aka yi ta tafi. Har Direba ya tafa, abin da yanzu yake ba shi haushi in ya tuna.

Direba ya fita tsakar gida ya kira shugaban reshen unguwar a waya.

"Ayya, Baba Direba," in ji shugaban. "Ai yanzu Baba ba namu ba ne mu kaɗai, na kowa ne. In muka riga babban ofis zuwa, sai a ce mun yi azarɓaɓi."

Ya kira babban ofis. Sakatare ya saurare shi da ladabi.

"Duba mara lafiya aikin reshe ne, Baba. Mu tsari muke yi."

"To wane reshe ne nasa?"

"Za mu zauna a kai," in ji sakataren.

"Ku zauna da kyau," in ji Direba, ya kashe wayar.

Takaici ya cika shi, don ya san babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Kowa girmama tsohon yake yi, girmamawar ce ta bar shi da bango. Ya shiga gidansa ya zazzage akwati, ya zaro tsohuwar koriyar rigarsa da ya ajiye tun da gwiwa ta hana shi aikin kwata. Maɓallan suka ƙi haɗuwa a kan tumbinsa. Haka nan ya bar ta a buɗe, ya zaga ya yi sallama daga ƙofa kamar baƙo, ya zauna a kujerar.

Idon Baba Tela ya riga ya yi rauni, amma kore bai taɓa ɓace masa ba. Ya yunƙura.

"Wane reshe?"

"Na farko."

"Kai kaɗai? Ƙa'ida mutum biyu ce."

'Yar tsohon, wadda ke jinyarsa, tana tsaye da kofin magani. Ta ajiye kofin, ta ciro rigar mahaifinta daga ƙusa ta ɗora a kan kayanta, ta zauna a bakin gado.

"Ga na biyu, Baba," ta ce.

Tsohon ya daɗe yana kallonsu. Ya miƙa hannu ya shafa kafaɗar Direba, yana bin ɗinkin da yatsa.

"Aikina ne wannan," ya ce. "Amma kai, Direba, ka yi ƙiba."

"Rigar ce ta tsuke."

"Ɗinkina ba ya tsukewa." Ya yi murmushi, numfashinsa na sarƙewa. "Kada ka yi musu faɗa. Suna da aiki da yawa. Gobe za su zo."

Da la'asar ya cika, hannunsa a kan tutar.

Washegari kuwa suka zo. Motoci suka cika layin har bakin titi, ko'ina kore, kowane reshe da tutarsa a naɗe. Wasu sun kwana a hanya. Shugaban reshen unguwar ya riƙe hannun Direba yana kuka na gaskiya.

"Wallahi jira muke a ce mana mu zo."

Direba ya buɗe baki, sai ya tuna an ce kada ya yi faɗa. Ya haɗiye maganar.

Bayan an dawo daga maƙabarta wurin zama ya yi kaɗan, aka shiga kwaso kujeru daga gidajen maƙwabta. Wani ya shiga ɗakin tsohon ya fito da ta robar nan, ya ajiye wa shugaban a inuwa. Shugaban ya gyara koriyar rigarsa ya zauna, bai san kujerar wa ya hau ba.

Direba ya kau da kai ya shige ciki. Ɗakin ya yi faɗi. A kan siminti, kusa da gado, ga sawun ƙafafun kujerar nan huɗu, suna kallon ƙofa.