Filin da ke jikin nawa

Halvor, mijin ƙanwata Signe, ya sauka daga jirgin ƙasa a watan Yuni na 1916, da shebur a kafaɗa kamar mu nan gabashin Montana ba mu da shi. Daga Minnesota ya taso don ya duba filin da ke jikin nawa, eka ɗari uku da ashirin da gwamnati ke ba duk wanda ya yarda ya zauna shekara uku. Signe ta riga ta rubuto mini: in ya ce ƙasar ta yi, za su taso da yaransu uku, Inga da ƙannenta.

Shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Mijina Nels ya rasu shekara huɗu da suka wuce, maƙwabcin da ya fi kusa kuwa mil shida ne. Akwai makon da nake yi ban buɗe baki ba sai in zan tsawata wa saniya. Ina son su zo, so mai tsanani.

Shekarar kuma ta yi ruwa irin wanda ban taɓa gani ba. Ciyawa har gwiwa, gundumar duk ta yi shar, kai ka ce haka take kullum.

Halvor manomin kirki ne, amma na ƙasar tafkuna. Ya haƙa, ya murza ƙasa a tafin hannu, ya sunsuna, ya jinjina kai.

"Yaya Thora, ina ruwa ke kwanciya a nan? Ba na son gonar da za ta jiƙe mini ta hana ni shuka."

"Baban Inga, kwantar da hankalinka. Wannan matsala ba za ka taɓa samunta ba."

Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi. Tsoron kada ruwa ya yi yawa shi ya rako shi, don a garinsu ko ina ka kafa shebur kamu goma ka tarar da ruwa. Bai tambayi ruwan sha ba, ni kuma ban tanka ba. Kwana uku ina dafa masa gahawa da ruwan saman da nake tarawa daga rufi a ramin siminti, yana yabon daɗinsa. Da ya ga ƙananan itatuwan nan masu tsanwa a kwari ya ce ruwa na kusa, na ce yana kusa. Duk ɗan ƙasa ya san inda suke tsirowa, kanwa ce a ƙarƙashi.

Rana ta huɗu na ɗaura dawaki a keken doki zan kai shi ofishin filaye ya sa hannu. Hanyar ta bi ta wata rijiya da Nels ya gina a iyakar filin. Halvor ya ce a tsaya, dabbobin sun yi gumi. Ya ja guga ya ajiye musu, suka sunsuna suka kawar da kai.

"Kai, Yaya, dawakinki 'yan gayu ne! Sai an zuba musu a kofi?"

Da na yi dariya da an wuce wurin. Sai dai a zuciyata na hango Signe a bisa wannan keken da gangunan katako, mil goma sha ɗaya zuwa kogi, ga yara suna jira a gida.

"Sha ka ji," na ce.

Ya kurɓa, ya tofar, ya yi ta goge baki da hannun riga.

"Ita kaɗai ce haka?"

"Bakwai Nels ya gina. Biyu busassu, biyar irin wannan. Maraƙin da ya sha kwana uku zawo zai kashe shi. Ciyawar da kake gani ta bana ce. Shekaru shida da suka wuce ko irin da muka zuba ba mu mayar ba."

Ya ajiye gugan.

"Kwana uku ina cin abincinki. Me ya hana ki faɗa?"

"Son zuciya. Ina so in ji muryar ƙanwata a ƙofar ɗakina."

"To ki tattara ki biyo ni mana."

"Nels na kwance a bayan gidan nan. Wa zan bar wa shi?"

Muka juya kan dawakin zuwa tasha. Da jirgi ya tsaya ya ce me zai gaya wa Signe, na ce ya gaya mata ƙasar ba ta yi ba, ni kuwa lafiyata ƙalau.

Wasiƙar Signe ta iso bayan wata ɗaya, gajeriya. Ta ce ta ga hotunan alkamar gundumarmu a jarida, ta kuma gane cewa ba na son kowa kusa da ni. Na ba ta amsa sau uku, ba ta maido ba.

Shekarar da ta biyo ruwa ya ɗauke, ya yi shekara uku bai dawo ba. Waɗanda suka karɓi filaye a shekarar koren nan suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu sun bar ƙananan kaburbura a bayan gidajensu. Annobar murar 1918 ta ɗauke Signe tana fushi da ni, ban sake ganinta ba. Yaranta uku duk sun rayu, sun girma.