Gari na Goma

Aikina shi ne in yabi garuruwan da ban taɓa takawa ba. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai gyaran waya: fanka ɗaya, tebur uku, sai taswira a bango wadda rana ta cinye rabinta. Muna shirya wa mutanen birni ɗan hutun kwana ɗaya ko biyu. Mu zuba su a bas, mu kai su su ga dutse ko ruwa, su ɗauki hoto, su dawo da kumburarrun ƙafafu suna rantsuwa sun huta. Ni nake rubuta 'yar takardar tallan. Mai ɗaukar mana hoto ya turo min hotuna, in ƙare musu kallo, in rubuta "iska mai daɗi" da "mutane masu fara'a". Iska ba ta fitowa a hoto, don haka ba a taɓa kama ni ba.

Manajanmu kuma Allah ya jarabce shi da son goma. Ranar da na kai masa sabuwar takarda da garuruwa tara, sai ya riƙe ta da yatsu biyu kamar tsumma.

"Tara? Wa ka taɓa ji ya ce garuruwa tara masu kyau? Sai mutane su ɗauka ɗaya ya faɗi a hanya. Kafin a tashi aiki nake son na goma."

Hotuna sun ƙare, ni kuma yunwa nake ji. Sai na rubuta ƙauyenmu.

Shekarata bakwai ban je ba. Ba faɗa na yi da kowa ba, abin kunyar kenan, da faɗa ne da ina da abin faɗa. Duk ƙarshen mako Inna takan kira ta ce, "Auta, yaushe?" Ni kuma in ce, "Aiki ya yi yawa, Inna, wata mai zuwa." Har bakina ya saba, yana faɗa ina danna kwamfuta.

Na rubuta kogin, da tsohuwar gadar katako, da babbar bishiyar bakin kasuwa. Hannuna ya ƙi tsayawa. Na rubuta wani gida mai shuɗiyar ƙofa inda wata tsohuwa ba ta barin baƙo ya wuce bai sha ruwa ba. Na ƙara da cewa a nemi kofin nan mai karyayyen hannu, ruwa ya fi sanyi a cikinsa. Kofina ne, ni na karya shi ina ɗan shekara shida. Da yake Manaja yana son kowane gari a sa masa lokaci, sai na rufe da cewa minti arba'in sun isa a ga komai. A raina na ce babu mahaukacin da zai karanta har na goma.

Ashe mahaukatan suna da yawa, har da motocin kansu. Wata huɗu ba su cika ba aka fara kiran ofis ana yabon gari na goma. Manaja ya shigo yana washe baki.

"Ranar Asabar za mu kai bas ta farko. Kai ne mai rakiya, tunda kai ka gano wurin."

"Oga, ranar Asabar ina da ciwon baya."

"Ko ka shiga bas ɗin nan, ko ka ajiye min makullin teburinka."

Na shiga. Na sa hular hana sallah na ja ta har hanci, na ƙara da baƙin tabarau, kamar wanda 'yan sanda ke nema. Tsorona ɗaya ne: in tsaya gaban Inna da mutum goma sha takwas a bayana, ta ga cewa aikin da ya hana ni zuwa shi ne ya kawo ni.

A kujerar gaba akwai wata malama mai ritaya, riƙe da takardar tawa da jan biro. Shekara talatin tana gyara wa yara jarrabawa, yau ta samu babba. Muna shiga gari ta ɗaga kai.

"Mai rakiya, an ce gadar katako. Wannan ta siminti ce."

"An yi mata ƙarin girma, Malama."

Ta ja layi. Da muka iso bakin kasuwa, babu bishiya, sai wani faffaɗan kututture da awaki biyu a kai.

"Bishiyar fa?"

"An tafi da ita gyara."

Direba ya shaƙe da dariya har ya kusa taka kaza. Ni kuwa ban ma san an sare ta ba. A ƙarƙashinta na koyi ƙarya, ga shi ta tafi ba wanda ya sanar da ni.

Kogin dai yana nan, Allah ya saka masa da alheri. Aka yi hotuna, wani ya jefa takalminsa a ruwa bisa kuskure, matarsa ta ce dama ta faɗa masa. Daga nan Malama ta ɗaga biro ta nuna lungunmu da kanta.

Ƙofar shuɗiya ce, amma ta ƙarfe, fentin ma sabo. An jera benci biyu a gefe, ga tire cike da kofunan roba. Inna ta fito tana dogara sanda. Sanda! A waya kullum "lafiya lau" take cewa, ashe gadon ƙaryar ta wajenta na yi shi. Ta rame, ta gajarta. Na koma bayan wani mai ƙiba na laɓe.

Ta gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, tana tsiyaya ruwa. Idonta ya bi ta kaina sau ɗaya ya wuce, kamar yadda ake kallon sandar lantarki.

"Mama, ina kofin mai karyayyen hannu?" in ji Malama. "A rubuce yake a nan."

"Yana ciki, 'yata. Wannan ba na baƙi ba ne, yana da mai shi."

"Ina mai shin?"

"Aiki ya yi masa yawa."

Malama ta duƙa tana duba ƙofar, ta ƙwanƙwasa ta da biro. "Amma wannan fentin bai daɗe ba."

"Bai daɗe ba," in ji Inna. "Ta katako ce da, gara ta cinye ta shekara huɗu da suka wuce, na sa ta ƙarfe. Kwatsam sai baƙi suka fara buga wa maƙwabta ƙofa suna neman shuɗiya. Wani a cikinsu ya karanta min takardar. Da na ji zancen kofi, sai na aika aka sayo fenti. Ba na so a ce wanda ya rubuta maƙaryaci ne."

Malama ta sa wa wurin alamar daidai da jan bironta. Ni kuwa na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ga tabarau ya yi gumi ba na ganin komai.

Inna ta zagayo bayan mai ƙiban, ta miƙo min kofin roba, kore, irin na kowa.

"Malam mai rakiya, sha. Kai ma ai baƙo ne."

"Inna," na ce, a hankali.

"Sha da sauri. Takardarku ta ce minti arba'in sun isa a ga komai." Ta ɗaga kai ta dubi rana. "Ina jin saura goma. Duk waɗanda ka turo ba mai wuce lokaci, ka hore su da kyau."

Direba ya danna oda. Mutane suka fara ajiye kofuna suna godiya, mai takalmi ɗaya yana ɗingishi a gaba. Malama ta tsaya a ƙofar bas tana kallona ta saman gilashinta, ta kalli Inna, ta sake kallon hancina, wanda duk duniya ni da Inna ne kawai masu irinsa. Ta rufe bironta.

"Direba, mu tafi," ta ce. "Na haddace takardar, ni zan yi rakiyar."

"Oga zai kashe ka," in ji Direba ta taga.

"Ka ce masa ciwon bayan ne ya tashi," na ce.

Bas ta juya ta bi ta kan gadar siminti. Wayata ta fara ruri a aljihu tun kafin ƙarar motar ta ɓace, na san ko waye, na kashe ta. Na cire hular, na cire tabarau, na tsaya kamar an dasa ni, ina jira ta yi kuka ko ta zage ni. Da zagin zan fi jin daɗi.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta nuna tiren da sandarta.

"Tunda ka tsaya, wanke su. Wasu na zuwa da la'asar, kullum Asabar haka ne. Kai ka jawo min su."

Na naɗe hannun riga na durƙusa gaban bokiti. Kofi goma sha tara, na wanke su tas, har da koren nawa. Ta shiga ciki ta daɗe, ina jin sandarta tana bugun ƙasa. Da ta fito sai ta ajiye kofin nan mai karyayyen hannu a kan benci kusa da ni, cike da ruwa. Babu ƙura ko kaɗan a jikinsa.

"Duk Asabar nake cika shi," ta ce. "Yau dai ba sai na zubar ba."