Bindigar Ruwan Mu'minat

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu kawai nake karantawa, kuma na san ban kai ba. Na rubuta ne don bakina ya kasa faɗa. Idon ƙanwata Mu'minat na hagu ba ya gani, kuma a gidanmu, ban da ita, ba wanda ya san ni ce sila.

Sunana Naja'atu, a Gagarawa Tasha muke. Bindigar ruwan koriya ce, Baba ya sayo wa Mu'minat a kasuwar Maigatari wata Alhamis. Da kuɗin cizo ya addabe mu bara, sai ya karɓe ta ya riƙa zuba fiya-fiya a ciki yana fesa wa tsagar bango da ƙafafun gado. Ya ce ta fi kwalba mai hudajjen murfi kaiwa lungu. Ba a yi wata ba maganin ya cinye zoben robar da ke cikin famfonta. Ka ja kunamar, sai iska. Ya cilla ta kan rumbu ya ce kada wanda ya taɓa.

Da bazara ta yi zafi Mu'minat ta tuna da ita. Shekararta huɗu, kullum kuka. Ni kuwa na karanta yadda famfo ke jan ruwa a littafin kimiyya, kuma na gaji da jin Inna tana cewa, "Ke dai karatu, ko allura ba ki iya zura wa zare ba."

Na sauko da ita da sanda. Na san akwai guba a ciki, ba zan yi ƙarya ba. Shi ya sa na wanke tankin sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda aka koya mana a Islamiyya in kare ya sa baki a ƙwarya. Na ɗauka abin da ya tsarkake wancan zai tsarkake wannan. Siririn bututun da ke hawa zuwa bakin bindigar ban wanke shi ba, don famfon ba ya ja.

Na je wurin Ɗantala mai faci a bakin tasha na roƙi guntun robar cikin tayar keke.

"Malama, yau kuma littafin ne ya yi faci?" in ji shi, ya miƙo min jar roba.

Na kwance ƙusoshin bindigar da bakin wuƙa. Tsohon zoben ya yi laushi kamar cingam, yana manne wa yatsa. Na ɗora kan famfon a robar, na zagaye da biro, na yanka da reza. Na farko ya yi faɗi, na biyu ya yage. Na uku ya zauna daram. Na shafa masa man gyaɗa na mayar da komai.

Ban gwada ba. Na ji takun Inna, sai na cika tankin na danƙa wa Mu'minat a bayan ɗaki.

"Kada ki ce ni na gyara."

Ta ja sau uku, ba komai. Sai ta juyo da bakin bindigar wajen idonta ta leƙa, ta sake ja. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, wani abu ne mai kauri, ruwan ƙasa, mai wari.

Kwananta tara a asibiti a Gumel. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce tsintar bindigar ta yi.

Ran da aka sallamo ta, maƙwabta suka cika zaure suna jaje. Baba ya kwance bindigar a gabansu, ya ɗaga zoben yana juya shi.

"Wannan ba aikin yaro ba ne. Dubi yankan. Mai sana'a ne ya yi shi."

Ya aika aka kira Ɗantala. Ni aka ba ruwa in kai, ina tsaye da kwanon sha a bakin ƙofar ciki lokacin da ya shigo, hannunsa duk baƙin mai.

"Malam Hudu, wallahi ban taɓa ganin bindigar nan ba."

"Wa ke da jar roba a tashar nan in ba kai ba?"

"Robar tawa ce, ban musa ba. Amma ai yara na karɓa kullum, masu danƙo, masu ɗaurin kaya."

"To wane yaron? 'Yata ido ɗaya gare ta yanzu, Ɗantala. Ko ka faɗa min a nan, ko ka faɗa a gaban mai gari."

Wani dattijo ya ce a bi a hankali. Ɗantala ya karɓi zoben ya kai shi kusa da fuskarsa. Layin biro shuɗi yana nan a gefensa.

"Bari in tuna," ya ce.

Daga cikin gida Mu'minat tana kirana, "Yaya, zo ki riƙe min hannu, zan fita." Duk idanu suna kan Ɗantala. Na ajiye kwanon a ƙasa a hankali yadda ba zai yi ƙara ba, na bi ta bayan rumbu, na fice ta ƙofar da awaki ke bi.