Ƙasar da Aka Ɗebo a Kufan Kara

A shekararmu ta ƙarshe jami'a ta haɗa kai da wani kamfanin iri da ya karɓi hayar makeken fili a yankin Kara, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo. Aka ce za a tura ɗalibai horon aiki daga sassa daban-daban, kowa ya taɓa abin da ya karanta da hannunsa. Da na ji an ambaci kamfani sai na sayi sabon takalmi, ina hango ofis mai sanyi. Abin da na tarar shi ne ɗakin haya a Gwarzo, da tsohuwar akori-kura mai tari, da ranar bazara da ba ruwanta da ɗan jami'a.

Ni Sabi'u aikina neman ruwa. Ina da na'ura mai wayoyi da turakun ƙarfe. In na kafa turakun na sakar wa ƙasa ɗan lantarki, sai na'urar ta nuna mini inda cikin ƙasa yake da tauri da inda yake da laushi. Akwai masu ƙirga ƙwari, akwai mai bin manoma da tambayoyi har su fara ɓuya in sun hango shi. Surayya kuwa ilimin ƙasar noma take karantawa, kuma da yake gefe ɗaya ake sauke mu, ni ke riƙe mata bokiti in na gama nawa.

Duk cikinmu ita kaɗai ta roƙa a kawo ta Kara. Na sha tsokanarta, ina cewa ko dai an yi mata miji a ƙauyen ne. Ran nan muna hutawa a inuwar mota ta gaya mini dalili, na ji kunyar bakina.

Danginta makiyaya ne da suka daɗe da zama. A da rugarsu a nan take, cikin filin da kamfani ya karɓa. Mahaifiyarta Furera ta rasu bayan haihuwarta, tun kafin ranar suna, aka binne ta a maƙabartar rugar. A shekarar dangin suka kwashe suka koma Kabo. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ba ta da hoton uwar, ba ta taɓa ganin kabarin ba. Abin da aka gaya mata kawai shi ne yana ƙarƙashin wasu itatuwan gawo.

"In ruwan farko ya sauka taraktoci za su shiga," in ji ta. "Ina so in samu wurin kafin nan, a zagaye shi."

Ta tambayi mutanen Kara. Kowa ya san an yi ruga, amma kowa da inda yake nunawa da leɓe. Gawo kuwa babu ko ɗaya, masu gawayi sun gama da su tun tuni. Duk inda muka je aiki sai in ga idonta yana yawo a fili, tana neman tudun kaburbura irin na Kabo, masu tsari da katanga. Ba ta ga komai ba sai fili shimfiɗe.

Aikinta yana da ƙa'ida, kuma Surayya mai bin ƙa'ida ce har ta ba ka haushi. A kowace gona takan murza wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki cikin ƙasa, a wuri biyar daban-daban. Ta zuba abin da ya fito a bokiti ɗaya, ta tsince duwatsu da saiwoyi da duk wani tarkace ta yar, ta cakuɗa sosai, sannan ta ɗebi leda guda. A ɗakin gwaji za ta shanya, ta daka, ta tankaɗe. Ana haɗawa ne don kada rami ɗaya ya yi wa gona ƙarya.

Wata Talata da hantsi muka isa wani fili mai toka-toka kusa da busasshen rafi. Ta yi rami huɗu lafiya. A na ƙarshe, ƙarfen ya shiga kamar kamu biyu sai ya ci karo da wani abu. Ta danna da nauyinta. Muka ji wani ɗan ƙara, ƙwas, ƙarfen ya zurma da kansa har ta kusa kifawa.

Na yi dariya, na ce ƙasar Kara ta gaji da tsikari. Ita ba ta yi dariya ba. Ta zaro ƙarfen, wata iska mai sanyi da warin tsohon ɗaki ta biyo ramin, a cikin wannan zafin. Ƙasar da ta fito baƙa ce, da guntun tsingaro a maƙale.

"Gidan gara ne," ta ce.

Ta cire tsingaron ta jefar, ta zuba ƙasar a bokiti, ta sa hannu ta cakuɗa da sauran. Ta ɗauki wani dutse ta ɗora a bakin ramin don kada akuya ta karye, muka wuce gona ta gaba.

Daga ranar wani abu ya sauya mata. Ta ce in tana daka a ɗakin gwaji takan ji ƙaran nan, ƙwas, a ƙarƙashin taɓarya, ta leƙa turmin ba komai sai gari. Ta riƙa duba faratanta tana cewa ƙasar ta ƙi fita. Sau da yawa na ga ta yi alwala ta gama, ta koma tana wanke hannu. Na ce mata zafi ne da gajiya, don ni ma abin da na ɗauka ke nan.

Da sakamako ya fito, malamin da ke kula da mu, Dakta Badaruddeen, ya zo Gwarzo tare da mutumin kamfani. Dakta mutum ne mai son lamba mai kyau kamar yadda wasu ke son tsire. Ya buɗe kwamfutarsa yana murmushi, ya ce filin bakin rafi ya fi ko'ina ƙarfi, sinadarin fosfaras ɗinsa, mai ciyar da shuka, ya ninka na sauran. Mutumin kamfani ya ce to a nan za su yi gonar nuni, ita za a fara huɗawa.

"Irin wannan lamba," in ji Dakta yana raha, "ba ka ganinta sai a tsohuwar makwantar shanu, ko a maƙabarta."

Aka yi dariya. Na juya na dubi Surayya. Hannayenta suna kan cinyarta a buɗe, tana kallonsu.

A garuruwanmu in an sa mamaci a ƙaramin rami, ana jera itace ko fasassun tukwane a samansa, a liƙe da laka, sannan a tura ƙasa. Na sani, na sha yi da hannuna. Amma a filin nan da bokiti a hannu, tsingaro tarkace ne a wurina kamar yadda littafi ya ce. Ita kuwa mace ce, ba ta taɓa tsayawa a bakin kabari ba, ina za ta sani?

Bayan an tashi ta tare Dakta a bakin mota.

"Malam, ina roƙon a dakata da filin nan."

Ta gaya masa komai a taƙaice. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce kamfani ba zai tsallake gonarsa mafi kyau saboda zato ba, amma in aka nuna musu hujja shi da kansa zai tsaya. Ya dube ni ya ce, "Na'urarka fa? Matso da turakun kusa da juna, za ka ga inda aka taɓa tona."

Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Washegari na ari babur na tafi Kabo ɗauko Baffa Mijinyawa, wan mahaifinta, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi jana'izar. Tsoho ne dogo, idonsa ya yi hazo. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyayena da karatu da hanya, sannan ya ɗauki sandarsa.

Da muka isa filin ya tsaya yana juyawa. Ya nemi gawo babu, ya nemi rijiya an cike ta. Ya yi gabas ya dawo, ya yi kudu ya dawo. Daga ƙarshe ya tsuguna ya dafa sanda.

"Ban gane ba," ya ce. "A nan aka haife ni, ban gane ba. Ki yafe mini, 'yar nan."

Ganin dattijo irin wannan ya ɓata a gidan ubansa ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Na sunkuyar da kai na hau kafa turaku.

Na wuni ina jan waya cikin rana. Da na haɗa abin da na'urar ta auna, sai hoto ya fito a kwamfuta: dogayen tabo masu duhu a jere, kowanne tsawon mutum, duk sun miƙe kudu da arewa kamar yadda ake kwantar da Musulmi ya fuskanci alƙibla. Wasu gajeru ne, na yara. Layi biyu ne da ɗan guntun na uku. Ban taɓa jin tsoron na'urata ba sai ranar. Tsaye muke a kansu tun safe, a kansu muka ci ƙosai.

Na bi layin ina kafa tsinke a kan kowanne. Surayya tana daga gefe, ta cire takalmanta ta riƙe.

"Baffa, wanne ne nata?"

"Wannan kam na sani," ya ce. "Bayanta ba mu ƙara binne kowa ba. Ita ce ta ƙarshe, ta wajen rafi. Damina ce, itace duk ya jiƙe. Randarta muka fasa muka rufe ta da ita, randar da aka kawo ta da ita gidanmu."

Na bi guntun layi na uku zuwa ƙarshensa. Ban buƙaci kafa tsinke ba. Dutsen da Surayya ta ɗora don kada akuya ta karye yana nan a zaune.

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta daɗe tana kallon dutsen, sannan ta juya ta tafi wajen mota.

Dakta ya cika alkawari. Ya zo da mai unguwa da mutumin kamfani, suka ga hoton, suka ga tsinkayen. Mutumin kamfani ya ɗan yi ƙunƙuni a kan gonar nuninsa, sai mai unguwa ya tambaye shi ina aka binne tasa uwar, maganar ta mutu a nan. Aka yanke za a kewaye wurin da waya a dasa itatuwa, taraktoci su zagaya.

Ranar da za a kewaye, Surayya ta zo da ledar da ta rage a ɗakin gwaji. Ƙasa ce ta rami biyar a haɗe, an daka, an tankaɗe, laushi kamar garin tuwo. Wani kaso an riga an narkar da shi a ruwan gwaji an zubar. Ba wanda zai iya raba ta uwarta da ta gona, ita da kanta ta cakuɗa yadda aka koya mata.

Maza sun taru za a yi addu'a. Ta nufi dutsen, Baffa ya ji takunta ya miƙa sanda a gabanta a hankali.

"Tsaya daga nan, 'yar nan. Ba wa yaron nan ya zuba. Mace ba ta shiga maƙabarta."

"Baffa, ai na riga na shiga."

Ya janye sandar.

Ta durƙusa ta ɗauke dutsen. Ta kwance ledar ta fara zubawa a hankali. Na ɗauka ramin zai cika, amma garin ƙasar yana shiga yana wucewa can ciki, muna jin saukarsa sama-sama, har ledar ta ƙare bakin ramin yana nan a buɗe. Ta kakkaɓe ledar, ta kakkaɓe tafin hannunta a ciki, yatsa bayan yatsa.

Iskar hadari ta taso daga gabas tana kaɗa mayafinta. Mu duka muka kau da kai, amma ina kusa, na ji. Ta sunkuya har bakinta ya kusa taɓa ƙasa, ta yi sallama kamar mai shiga ɗaki.

"Inna, ni ce. Ki yi haƙuri, ban san ke ce ba." Ta ɗan tsaya, hawaye suna ɗiga a kan ƙasar. "Kin tafi ba a yi suna ba. Surayya aka sa mini."